Inda Kwale-kwale Ke Kwana: Dokar Bakin Ruwa da Haƙƙin Mai Fito

Ƙasar Kusada da Kankiya ƙasar noma ce da kiwo. Wanda ya tashi a Bauranya ya fi sanin garma da amalanke a kan filafili, kuma rafukanmu na damina ne, da kaka ta wuce sai su koma yashi. Saboda haka idan aka ɗauko zancen dokar ɗaure jirgin ruwa da haƙƙin masu tuƙa shi, wani zai ce a bar wa mutanen Yawuri da Lakwaja. To amma shekaru hamsin ɗin nan da suka wuce sun sauya fasalin ruwa a yankinmu. An datse kogin Karaduwa aka yi madatsar Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, aka kammala ta a 1983. An datse Gada aka yi ta Jibiya. Ga Ajiwa, ga Sabke a ƙasar Daura, ga Watari a Bagwai ta jihar Kano wadda ba ta da wani nisa da mu, ban da ƙananan madatsai na ƙasa da ke warwatse a ƙauyuka. Duk inda ruwa ya kwanta ya shekara, kifi zai samu, masunci zai biyo kifi, kwale-kwale ya biyo masunci. Ba a jimawa wani zai lura cewa ƙetarewa ta ruwa ta fi zagaye ta tudu sauƙi ranar kasuwa, shi ke nan fito ya kankama.

Ruwa ya zo, jirage sun zo, amma tsarin kula da bakin ruwa da mutanen kogi suka gada kaka da kakanni bai biyo su ba. Wannan giɓin ne yake cin rayukanmu.

Ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare madatsar Watari zuwa Bagwai, ɗauke da fiye da mutum 40, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ya kife, aka tsamo gawa 29. Wata biyar bayan haka, cikin shagalin ƙaramar Salla ta Mayu 2022, wani ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, fiye da mutum 10 suka rasu, yawancinsu yara. Waɗannan ba a Kwara ko Binuwai suka faru ba. A kan ruwan madatsai irin namu ne, kuma 'ya'yan manoma irin namu ne suka tafi. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Idan irin wannan ya faru, hankalin kowa yakan tafi tsakiyar ruwa, inda jirgin ya juya. Ni kuwa ina ganin a gaɓa ya kamata a tsaya a duba. A nan ake loda mutum arba'in a jirgin da aka sassaƙa don goma sha biyu. A nan ake yanke shawarar tashi bayan la'asar sakaliya, hadari na haɗowa. A nan jirgi yake kwana cikin laka katakonsa na ruɓewa ba wanda ya duba, kuma a nan yaro yake kwance igiya da rana tsaka don ba mai hana shi. Bakin ruwan da ba shi da mai shi ba zai taɓa fitar da jirgi lafiyayye ba sai da sa'a.

A ƙasashen kogi bakin ruwa yana da mai shi. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ba mai jefa koma a kogin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. A garuruwan Kabi da Yawuri akwai Sarkin Ruwa, akwai Sarkin Jirgi, sarautu ne na aiki. Su ke sanin jirgin wane ne wannan, su ke raba wa kowa inda zai kafa turkensa, su ke karɓar baƙon masunci su nuna masa masauki, kuma idan wani ya nitse su ake tasa ko da tsakar dare. Baƙo ba ya zuwa ya ɗaure jirgi a mashigin gari bai gaida su ba. Abin ya yi kama da tashar mota: akwai shugaba, akwai layi, akwai mai lodi, kuma direban da ya ɗebi fasinja a bakin titi ya san ya saɓa. Mu da muka iya tsara tashar mota a kowane gari, ba mu da hujjar barin tashar kwale-kwale kara zube.

Sai kuma dokar gwamnati, wadda mutane da yawa ba su san tana magana a kan kwale-kwale ba.

A sama akwai Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa da doka ta 13 ta shekarar 1997, hedikwatarta a Lakwaja, tana da ofishin yanki a Yawuri. Dokar ta jero manyan ruwaye da ta ayyana hanyoyin tarayya, irin su Kwara da Binuwai da kogin Sakkwato da na Kaduna da Gongola da ɓangaren Nijeriya na Tafkin Chadi. A kan waɗannan, hukumar ce ke da ikon yi wa jirage rajista, ba matuƙa lasisi, da amincewa da gina tasha ko matsayar jirgi. Ikon nata bai tsaya a kan ruwa ba, ya haura tudu har mita 100 daga gaɓa, ta yadda ba a yarda wani ya yi gini ko haƙar yashi ko toshe hanya a wannan fili ba tare da izininta ba. Wannan mita 100 ɗin ita ce kariyar mai jirgi a doka, domin ita ke hana mai kuɗi ya sayi bakin kogi ya katange ya bar masu fito ba wurin tsayawa.

Akwai wata shari'a da ta dace kowane mai jirgi ya ji labarinta, don 'yan'uwansa ne suka fara ta. Jihar Legas ta kafa tata hukumar ruwa a 2008. Sai masu jiragen haya da masu haƙar yashi suka wayi gari hukumomi biyu na karɓar kuɗi a hannunsu a kan abu ɗaya. A 2012 ƙungiyoyinsu suka je Babbar Kotun Tarayya suka ce a faɗa musu wanda za su biya. Kotun farko ta ba tarayya gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a 2017, daga ƙarshe ranar 5 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ikon hanyoyin ruwan da doka ta ayyana na gwamnatin tarayya ne. Shekara goma sha biyu aka yi ana wannan tirka-tirka, amma ta nuna cewa mai jirgi yana da bakin tambayar dalilin kuɗin da ake karɓa a hannunsa, kuma kotu za ta saurare shi.

Bayan haɗarurrukan da suka girgiza ƙasa, irin na Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a Mayu 2021, inda jirgin katako ɗauke da fiye da mutum 150 ya dare gida biyu, da na Patigi a Yuni 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu a hanyar dawowa daga biki cikin dare, gwamnati ta fito da sabon kundin ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023, a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a shekarar. Abubuwan da ke ciki ba baƙi ba ne ga mai hankali: a yi wa jirgi rajista, kowane fasinja ya sa rigar kariya, kada a wuce adadin da jirgi zai iya ɗauka, kada a yi tafiyar dare. Duk da haka ranar 1 ga Oktoba 2024 wani jirgi ɗauke da kimanin mutum 300 masu zuwa Mauludi ya kife a ƙasar Mokwa, kuma da dare ne. Ƙa'idar tana rubuce, wanda zai tsaya a gaɓa ya ce jirgin nan ba zai tashi ba shi ne babu.

To ina ƙaramar madatsar ƙauye ta faɗo a cikin wannan duka? A nan ne maganar ta zo gida. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu inda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci ba da lasisin keke da amalanke da baro da kwale-kwale. Dokar haraji ta 1998, wadda ta raba wa matakan gwamnati uku abin da kowane zai karɓa, ita ma ta sa kuɗin kwale-kwale a kason ƙaramar hukuma, ta kuma haramta wa duk wanda ba hukumar da doka ta ba iko ba ya karɓi haraji. Ma'ana, kwale-kwalen filafili da ke kan ruwan ƙauye yana da uwa a gindin murhu, sakatariyar ƙaramar hukuma ce, a Kusada ko a Kankiya. Manyan madatsai irin Zobe da Jibiya kuwa suna hannun Hukumar Raya Kogin Sakkwato da Rima, ita ke da ruwan da filin da ke kewaye da shi, don haka da saninta ake ware wurin tsayawar jirage.

Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ƙara wani abu mai muhimmanci. Ta ce kowane mutum yana iya ɗiban ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi daga ruwan da jama'a ke da hanyar isa gare shi, yana kuma iya kamun kifi ko tuƙa jirgi a kai matuƙar bai saɓa wa wata doka ba. Wannan ya zo daidai da abin da malamanmu suka daɗe suna karantarwa, cewa ruwa da ciyawa da wuta na tarayya ne tsakanin mutane, kuma rijiya da kogi suna da harimi, filin da ke kewaye da su wanda ba a barin mutum ɗaya ya mallake ya hana jama'a.

Daga nan ake gane haƙƙin mai jirgi, kuma ina so in daɗe a kansa, domin kullum laifinsa ake lissafawa ba a tuna abin da yake bin mu.

Yana da haƙƙin samun wurin ɗaure jirgi sananne, wanda ba zai sauya da sauyin fuskar mai gona ba. Rigimar da aka fi yi a bakin madatsa ke nan. Da damina ruwa ya cika ya haura, masunci ya kafa turkensa a wani wuri. Da rani ruwa ya ja baya da mita ɗari ko fiye, ya bar ƙasa mai danshi, mai lambu ya sauko ya yi kunya ya dasa tumatir da albasa ya shinge da ƙaya, har bakin ruwa. Masunci ya zo da asuba ya tarar ba hanyar da zai bi ya kai ga jirginsa sai ta cikin shuka. Idan ya taka a ce ya yi ɓarna, idan ya zagaya ya ɗaure a wani wuri ya faɗa kan tiyon injin ban-ruwa ko mashayar shanu. Kowannensu neman halaliyarsa yake, kuma ba wanda ya ƙirƙiro matsalar a cikinsu. Abin da ya rage shi ne dagaci da masu unguwa da wakilin mai madatsar su fitar da hanya mai faɗin da amalanke zai wuce, daga tudu har inda ruwa ke tsayawa a ƙarshen rani, a kafa mata alama, a rubuta, kowa ya san ba a noma ta. Makiyayi ya samu burtalinsa zuwa mashaya a gefe guda, mata masu wanki da masu ɗiban ruwa a wani gefen, jirage a nasu.

Yana da haƙƙin rasit. Duk kuɗin da aka karɓa a hannunsa da sunan lasisi ko kuɗin tasha, a ba shi takarda mai hatimi da sunan hukumar da ta karɓa, kuma kada a karɓa sau biyu a kan abu ɗaya. Mutumin da ake tatsa ba bisa ƙa'ida ba a kan fasinja zai fanshe, kuma hanyar fanshewar ita ce ƙarin lodi. Yana da haƙƙin kada a kwance masa jirgi ko a ƙwace masa koma ba tare da an gaya masa laifinsa da inda zai kai kuka ba. Ya kuma kamata masu kula da madatsa su riƙa sanarwa kafin su buɗe ƙofofin ruwa, ta rediyo da masallatai da wayar shugaban masunta, saboda jirgin da aka ɗaure a ƙasan madatsa da wanda ke kusa da mazubar ruwa duka suna cikin haɗari a wannan lokaci.

Shari'a ma ba ta bar shi a baya ba. Ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, sun san cewa a babin ciniki da haya an yi maganar mai jirgi. Ba a ɗora masa biyan abin da ruwa ya ci, amma kuma ba ya cancantar kuɗin haya sai ya kai kaya inda aka yi alkawari. Masu sharhi sun ɗaure wannan sassauci da sharaɗin cewa bai yi sakaci ba, bai kuma wuce iyaka ba. Wanda ya loda wa jirgi abin da ya san ya fi ƙarfinsa ya fita daga wannan rangwame, kuma kalmar ƙaddara ba za ta wanke shi ba.

Shi ma akwai abin da ake bin sa, kuma daga turke yake farawa. Ruwan madatsa ba ya zama wuri ɗaya. Ruwan sama na dare guda a can sama zai iya ɗaga shi kafin gari ya waye. Jirgin da aka ɗaure da gajeriyar igiya a gindin turke, idan ruwa ya taso, igiyar za ta riƙe hancinsa ƙasa har ya sha ruwa ya nutse a inda yake. Idan kuma ruwa ya ja aka bar shi a kan laka rana na dukansa, katako zai bushe, haɗin ya buɗe, audugar da aka cusa da kwaltar da aka shafa su zazzago. Ranar da aka mai da shi ruwa zai yi kamar lafiya lau, sai an kai tsakiya a ga yaro na kwasar ruwa da kwano ba ƙaƙƙautawa. Masu sana'ar na gaske suna barin igiya da saura, suna matsar da turke yadda ruwa ke matsawa, suna juya hancin jirgi ya fuskanci inda iska ke fitowa, kuma kowa ya san guguwar farkon damina daga gabas take tasowa. Wanda zai tsaya a tsakiyar ruwa ya jefa dutse ko ƙarfe da igiya don ya zauna wuri ɗaya, igiyar tana bukatar ta ninka zurfin wurin sau da yawa kafin ta riƙe, kuma kada ya tsaya a kan hanyar masu fito ko kan ragar kifin wani. Da yamma a saka sarƙa da kwaɗo, a tafi da filafili gida. Yaran da suka nitse a madatsai da dama ba fito suka je ba, jirgi suka tarar a sake suka hau wasa.

Abu mafi araha kuwa shi ne fenti. A ranar da jirgi zai karɓi lasisi, a loda shi a gaban shugaban tasha zuwa iyakar da ta dace, a ja layi ja a jikinsa daidai inda ruwa ya tsaya, a rubuta lambarsa da adadin mutanen da zai ɗauka. Daga ranar, tsohuwar da ba ta yi boko ba ma za ta iya duba jikin jirgi ta ga ruwa ya rufe layin ta ce a sauke ta. Wannan haƙƙinta ne, kuma ba rashin tawakkali ba ne.

Fasinjoji ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau da yawa matuƙi ne ke cewa ya isa, mutane su ce, "Haba Malam, yara ne fa, ba su da nauyi," ko "Ka taimaka, dare zai yi mana." Babur biyu da buhunan masara su shiga, amarya da 'yan rakiya su biyo. Matuƙin ɗan gari ne, masu roƙon nan iyayensa ne da surukansa, kunya ba za ta bar shi ya ƙi ba. Shi ya sa ake bukatar wani na uku a gaɓa, wanda dagaci ya naɗa, ƙaramar hukuma ta san da shi, wanda aikinsa ke nan ya ce a'a, don a ɗauke wa matuƙi wannan nauyi. Malaman Islamiyya da shugabannin ƙungiyoyi masu kai ɗalibai Mauludi ko musabaƙa ta ruwa, amanar 'ya'yan mutane ce a hannunsu. A raba yaran sahu biyu ko uku ko da za a makara.

Abin da gwamnatoci suka saba yi bayan haɗari shi ne hana fito gaba ɗaya, kamar yadda aka dakatar da jigilar fasinja a Bagwai bayan na 2021. Ana fahimtar zafin da ke sa a yi haka, amma hani kaɗai ba ya daɗewa. Mutanen ƙetare suna da kasuwa, suna da mara lafiya, suna da mai naƙuda, kuma hanyar tudu ta ninka ta ruwa nisa. Idan aka rufe tashar da kowa ya sani, jirage za su koma tashi daga lungunan da ba mai gani, da asuba ko bayan magariba, wato daidai lokacin da ya fi haɗari. Ƙasashen da suka daɗe da harkar sun bi ta tsari ne. A Ingila, mai jirgin da ba shi da matsaya ta dindindin a magudanan ruwansu yana da damar ɗaurewa a gaɓa har kwana 14 a wuri ɗaya kafin ya matsa, kuma dokar 1995 ce ta ba shi wannan dama. Masu jiragen suna ta jayayya da hukuma a kan yadda ake aiwatar da ita har yau, amma jayayyar a kan rubutacciyar ƙa'ida ce da kowa zai iya nunawa.

Namu bai kai wannan wahala ba. Kansila a mazaɓa irin Bauranya, ko duk mazaɓar da ke da ruwa a Kusada da Kankiya da Dutsin-Ma, zai iya kai ƙudiri majalisar ƙaramar hukuma a yi dokar gida a kan tashar kwale-kwale, tunda tsarin mulki ya riga ya ba su hurumin. Hakimi zai iya naɗa Sarkin Ruwa a inda babu, daga cikin masuntan da suka san ruwan, ko da asalinsu baƙi ne daga Kabi ko Haɗeja. Kuɗin lasisin da aka tara a sayi rigunan kariya da shi, a ajiye su a tasha a hannun shugaba, fasinja ya sa idan zai hau ya cire idan ya sauka. A kuma zagaya ruwan da rani, lokacin da ya ja baya, a sa alama a kan kututturan itatuwan da madatsa ta cinye, irin waɗanda suka daɗe suna fasa jirage a tafkin Kainji tun da aka datse shi a 1968. Watannin Maris da Afrilu ne lokacin wannan aiki duka, ruwa yana ƙasa, gaɓa a buɗe, ana ganin inda hanya za ta bi da inda turaku za su tsaya kafin ruwan farko ya sauka.